Daga Kaɗaici Zuwa Halwa: Abin da Mawaƙan Turkiyya na Zamani Suka Gano

(Kiɗan buɗe shiri: busar sarewar Turkawa. A sassauta a hankali.)

MAI GABATARWA:

Jama'a masu sauraro, wannan filinmu ne na adabin al'ummomin duniya. Yau Turkiyya muka nufa. Da yawanmu mun san ƙasar nan ta finafinanta masu dogon zango, ko ta suturar da 'yan kasuwarmu ke sarowa daga Istanbul, ko ta 'ya'yanmu da ke karatu a jami'o'inta. Sai dai akwai wata taska ta Turkawa da ba kasafai labarinta ke isowa gare mu ba, wato rubutattun waƙoƙinsu na wannan zamani.

Duk wanda ya bi waƙoƙin nan, daga kafa jamhuriya zuwa yau, zai tarar tambayoyi uku suna ta kai da komo a cikinsu. Me ya kawo ni duniya? Me ya sa nake jin ni kaɗai ne alhali ga ni tsakiyar jama'a? Kuma shin mutum zai iya sauyawa tun daga cikin zuciyarsa? Abin da nake so mu fahimta a yau shi ne, manyan mawaƙan Turkiyya sun ɗauki kaɗaicin da zamani ya jefa su ciki ba da son ransu ba, suka yi ƙoƙarin mayar da shi wurin yi wa kai hisabi. Wasu sun fito da imani, wasu sun fito da tausayin ɗan Adam, akwai kuma waɗanda ba su fito ba. Ku biyo ni.

(Gajeren kiɗa)

Kafin mu shiga waƙa, sai mun ɗan taɓa tarihi, domin kaɗaicin nan yana da asali. Shekaru ɗaruruwa mawaƙan Daular Usmaniyya, ina nufin ta Turkawa, ba tamu ta Sakkwato ba, suna tsara waƙa da haruffan Larabci bisa ma'aunin aruli, kamar dai yadda malamanmu suka yi da ajami. A gefe guda kuma ga waƙoƙin sufaye irin na Yunus Emre, wanda ya rayu a ƙarni na 13 zuwa farkon na 14, ya yi waƙa da Turkancin talakawa. A wancan zamani, mutumin da zuciyarsa ta yi ƙunci ya san inda zai dosa. Akwai zawiya, akwai shehi, akwai halwa ta kwana arba'in. A ɗariƙar Maulawiyya ta Maulana Jalaluddin Rumi, wanda ya rasu a Konya a 1273, muridi kan yi kwana 1001 yana hidima, akasarinta a madafa, kafin a ce ya gama tarbiyya.

Sai abubuwa suka juya cikin 'yan shekaru kaɗan. A 1923 Mustafa Kamal Ataturk ya kafa jamhuriya. A 1924 aka soke halifanci. A 1925 doka ta rufe zawiyoyi. A 1928 aka ajiye haruffan Larabci aka ɗauki na boko, daga 1932 kuma aka dukufa wajen tsame kalmomin Larabci da Farisanci daga harshen, ana maye gurbinsu da na Turkanci. Sakamakon haka, yaron da aka haifa bayan wannan sauyi ya tashi ba ya iya karanta wasiƙar kakansa, ba ya iya karanta rubutun da ke kan kabarin kakan nasa. Wasu Turkawa na ganin sauyin nan shi ya yaɗa karatu a cikin talakawa, kuma lallai ya yaɗa. Amma ya bar wani giɓi a zukata, kuma a bakin wannan giɓi mawaƙan da za mu ambata suka tsaya.

Na farkonsu shi ne Nejip Fazil Kisakurek, wanda aka haifa a Istanbul a 1904. Gwamnati ta tura shi Faris karatun falsafa yana ɗan shekara ashirin, amma dare da caca suka cinye lokacinsa, ya dawo ba tare da shaidar kammalawa ba. Shi da kansa ya ba da wannan labari daga baya. A 1928 ya fitar da waƙar da ta ɗaukaka sunansa, Kaldirimlar, wato daɓen gefen titi. Jigonta mutum ne ɗaya tal yana tafe cikin dare a titin da babu kowa, tsoro na bin sa, gidaje sun yi masa shiru, ba shi da abokin tafiya sai duwatsun da yake takawa. Samarin birni suka haddace ta, domin kowa ya ga kansa a ciki.

A 1934 ya haɗu da wani shehin Naƙshabandiyya mai suna Abdulhakim Arwasi, rayuwarsa ta rabu gida biyu. A 1939 ya fitar da waƙar da ta shahara da suna Cile, sunan da sufayen Turkiyya ke kiran halwa da wahalar tarbiyya. A cikinta hankali ne ke kokawa da tambayar samuwa har ya kusa tarwatsewa, kafin ya miƙa wuya ga Mahalicci. Ku lura, masu sauraro, mutumin da ke yawo shi kaɗai a titi a 1928 shi ne dai mai halwa a 1939. Kaɗaicin bai gushe ba, alƙibla ya samu. Gaskiya ne rubuce-rubucensa na siyasa a mujallarsa Buyuk Dogu suna da zafi ƙwarai, sun sa ya sha ɗauri ba sau ɗaya ba, kuma har gobe suna raba kan Turkawa. Amma a fagen waƙa, ko masu adawa da shi sukan sara masa.

(Gajeren kiɗa)

Mu matsa zuwa shekarun 1950. A lokacin ne injunan noma suka shiga karkarar Anatoliya, hannaye da yawa suka rasa aikin gona, mutane suka yi ta kwarara birane suna kafa 'yan gidajen da ake ginawa cikin dare ɗaya. Istanbul, wadda mutanenta ba su fi kimanin miliyan ɗaya ba a 1950, yau ta haura miliyan 15. Mutumin da a ƙauyensu kowa ya san sunan kakansa, ya wayi gari a cikin motar haya ba wanda ya san ko shi wane ne. A daidai wannan lokaci kuma littattafan Sartre da Camus na Faransa, masu tambaya kan ma'anar rayuwa, suka shiga hannun matasan masu karatu.

Tun a 1941 wasu abokai uku, Orhan Veli da Oktay Rifat da Melih Jevdet, sun riga sun yi watsi da ma'auni da amsa-amo, suka sauko da waƙa zuwa maganar yau da kullum. Amma mawaƙan da suka biyo bayansu suka ga cewa wannan sauƙin ba zai iya ɗaukar nauyin abin da ke cikin ƙirjinsu ba. Sai suka shiga lanƙwasa harshe, suna gwama kalmomin da ba a saba ji tare ba, suna karya jimla. A 1956 wani marubuci mai suna Muzaffer Erdost ya raɗa musu suna Ikinji Yeni, wato sabon salo na biyu. A cikinsu akwai Jemal Sureya, Edip Jansever, Turgut Uyar, Ilhan Berk, Eje Ayhan da Sezai Karakoc. Masu suka suka yi musu ca, wasu suka ce waƙa ce marar ma'ana, wasu suka ce gudun matsalolin al'umma ne. Ni kuwa a ganina, mutumin da rayuwarsa ta kakkarye ba zai ba da labarinta da miƙaƙƙiyar jimla ba tare da ya yi ƙarya ba.

Ku dubi Edip Jansever. An haife shi a 1928, kuma ya shafe fiye da shekara ashirin yana da shagon dardumai da kayan tarihi a Kapalicarshi, babbar kasuwar Istanbul mai rufi, mai dubban shaguna. Abokin kasuwancinsa na ƙasa yana fama da masu saye, shi kuwa yana wani ɗan ɗaki a saman shagon yana rubutu. Duk hayaniyar kasuwar nan tana ƙarƙashin ƙafarsa, amma abin da ya fito daga alƙalaminsa kaɗaici ne tsantsa. Ya ƙirƙiri mutane ya sa su magana a cikin dogayen waƙoƙi. Akwai wani Yakubu wanda dukan damuwarsa ita ce ba a taɓa kiran sa ba. Akwai kuma Ruhi Bey, a littafinsa na 1976, wanda ke yawo cikin gari yana tambayar kansa halin da yake ciki, mu kuma muna jin labarinsa daga bakin waɗanda ke ganin wucewarsa, irin su mai sayar da furanni da akawun otal. Kowa ya san fuskarsa, babu wanda ya san shi. Jansever ya yawaita kafa waƙoƙinsa a otal, domin otal wuri ne da mutane ke kwana bango ɗaya ba tare da sun zama maƙwabta ba.

Me muka koya daga gare shi? Cewa samuwar mutum tana bukatar shaida. Wanda ba a kiran sunansa, ba a cigiyarsa in ya ɓace, sannu a hankali shi ma yakan fara shakkar ko yana nan. Shi ya sa gaisuwar da muke yi wa juna, wadda wasu ke gani ɓata lokaci ce, take da nauyin da ya wuce yadda muke zato.

Abokinsa Turgut Uyar, wanda aka haifa a 1927, hafsan soja ne da ya yi aiki a Posof, wani lungu mai tsananin sanyi a kan iyaka da Jojiya. A 1958 ya tuɓe kaki, a 1959 ya fitar da littafin da ya sauya waƙar Turkanci. A cikinsa birni ya zama wurin ƙunci, na kwalta da fitilu da ofisoshi, mutum yana neman ƙofar fita. Shahararriyar waƙarsa ta ginu a kan wata tashar mota da ya ƙirƙiro, wadda ba a tsayawa a cikinta don komai sai don a ɗaga kai a dubi sama. Abin lura shi ne, mai maganar ba ya son ya duba shi kaɗai, yana kiran masoyiyarsa su duba tare. A wurin Uyar, maganin kaɗaici yana farawa ne daga mutum na biyu.

(Hutun rabin lokaci. Kiɗa.)

Masu sauraro, barkanmu da dawowa. In yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan mawaƙan Turkiyya na zamani da yadda suka yi da kaɗaici.

A cikin waɗancan mawaƙa na sabon salo akwai ɗaya da ya bi wata hanya dabam, shi ne Sezai Karakoc, haifaffen Ergani a lardin Diyarbakir a 1933. Abokin karatun Jemal Sureya ne a makarantar koyon mulki da ke Ankara, kuma dukansu sun yi aiki a ma'aikatar kuɗi. Salonsu ya yi kama, amma rijiyar da suke ɗiba ta bambanta. Karakoc ya ɗauki sabon harshen nan ya shiga da shi cikin ƙissoshin annabawa da tarihin biranen Musulunci. A 1960 ya kafa mujallar Dirilish, wato farfaɗowa, kuma wannan ita ce manufar da ya rayu a kanta. A 1967 ya fitar da Sa'o'i Arba'in Tare da Halliru, doguwar waƙa mai kashi arba'in, inda bawan Allah nan da Annabi Musa, alaihissalam, ya bi a cikin Suratul Kahfi ya zama jagoran mutumin wannan zamani da ya ɓata hanya.

Karakoc ya rayu yadda ya rubuta. Bai yi aure ba, ya guji 'yan jarida da masu ɗaukar hoto, ya zauna a ɗan ofishinsa na ɗab'i yana karɓar matasa masu zuwa neman ilimi, har ya rasu a watan Nuwamba na 2021. Ga mutumin da ya zaɓi keɓewa da kansa, amma ƙofarsa ba ta rufu ba.

A mujallar tasa ce kuma, a 1974, aka buga wata waƙa da ta girgiza masu karatu. Mai ita, Ismet Ozel, wanda aka haifa a 1944, yana cikin fitattun mawaƙan 'yan gurguzu na shekarun 1960. Sai ga shi ya fito da waƙa mai suna Amentu, daga kalmar farko ta shikashikan imani, yana shelanta cewa ya koma ga Musulunci. Tsofaffin abokansa da yawa suka juya masa baya. Abin da ya sa waƙar ta yi ƙarfi shi ne bai zo da muryar wanda ya huta ba. Ya zo da tuhuma, yana tono rayuwarsa da ta mahaifinsa da ta ƙasarsa. Sauyin zuciya na gaskiya yana da tsada, kuma sau da yawa farkon abin da mutum ke biya shi ne abokai.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu bari mu juya ga mata, domin kaɗaicin mace yana da nasa launi, kuma su suka fi kowa sanin sa.

Gulten Akin, haifaffiyar Yozgat a 1933, ta karanta shari'a a Ankara, ta auri jami'in mulki, ta yi ta bin sa daga wannan gunduma zuwa waccan a karkarar Anatoliya, tana koyarwa, tana aikin lauya, tana renon 'ya'ya biyar. Waƙoƙinta na farko na mace ce da al'ada ta gindaya wa iyaka, tana neman muryarta. Littafinta na 1960 sunansa Na Yanke Baƙin Gashina, kuma sunan kaɗai ya isa shela. Amma zaman karkara ya buɗe mata ido ga wahalar wasu: matan da mazansu suka tafi ci-rani, da masu ƙaura zuwa bayan birni. Sannan aka kama ɗanta, kuma bayan juyin mulkin soja na 12 ga Satumba, 1980, ta zama ɗaya daga cikin uwayen da ke tsayuwa a ƙofar kurkukun soja na Mamak a Ankara. Daga wannan tsayuwa littafinta Kwana 42 ya fito a 1986, a kan yajin cin abincin fursunoni da uwayen da ke jira a waje. Wadda ta fara da kukan kanta ta ƙare tana magana da yawun dubban uwaye. Ta rasu a 2015.

Sai Didem Madak, 'yar Izmir, wadda aka haifa a 1970. Mahaifiyarta ta rasu tana da shekara 13, kuma wannan maraici shi ne ginshiƙin littattafanta uku, da suka fito a 2000 da 2002 da 2007. Ba ta nemi manyan kalmomi ba. Da kayan ɗaki da na madafa, da kyanwa, da hirar unguwa take magana da mahaifiyarta, da su kuma take kai kuka ga Ubangiji, wani lokaci da hawaye, wani lokaci da murmushi. Ciwon daji ya ɗauke ta a 2011 tana da shekara 41, amma 'yan matan Turkiyya na yau sun riƙe ta tamkar yayarsu.

Wajibi ne kuma in ambaci Nilgun Marmara, domin kada mu yi wa kaɗaici kwalliyar da ba tasa ba. Mawaƙiya ce mai baiwa, wadda ta yi nazari a kan waƙoƙin Sylvia Plath a jami'ar Bogazici, ta kuma kashe kanta a 1987 tana da shekara 29. Akasarin rubutunta bayan rasuwarta aka buga shi. Jama'a, majemi ya san fata ba ta zama ƙirgi sai ta kwana cikin ruwan bagaruwa, amma ya san kuma akwai ranar tsamo ta. Sufaye ba su taɓa sa muridi halwa babu shehi mai lura da shi ba, ba su kuma taɓa barin ta babu wa'adi ba. Idan kaɗaici ya kai mutum ga daina cin abinci, daina barci, ko tunanin rabuwa da duniya, to ya zama ciwo, kuma ciwo likita ake kai wa. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana cikin wannan hali, ko kin san wanda ke ciki, a yi magana, a nemi taimako, babu abin kunya a ciki.

(Gajeren kiɗa)

Wani abin mamaki ya faru a 2013, lokacin zanga-zangar dandalin Gezi a Istanbul da bayanta. Matasa suka fara rubuta baitocin waƙa a bangaye da kujerun titi da tashoshin mota, suna ɗaukar hoto suna yaɗawa a intanet da taken cewa waƙa tana kan titi. Su wa aka fi rubutawa? Turgut Uyar, Jemal Sureya, Edip Jansever, waɗancan dai da aka zarga da waƙa marar ma'ana da gudun jama'a. Bayan fiye da rabin ƙarni, jikokin waɗanda suka yi ƙaura zuwa birni suka gane cewa mutanen nan halin da suke ciki suka rubuta. Har yau kuma layin bai yanke ba: mawaƙa irin su Birhan Keskin da Bejan Matur da Haydar Ergulen suna ci gaba da tambayoyin nan, kowa da muryarsa.

To, me za mu ɗauka mu tafi da shi? Abu na farko, kada mu raina wanda ya ce yana jin kaɗaici a cikin taro. Biranenmu ma suna cika suna batsewa, kuma akwai masu kwana a ɗakin haya shekara guda ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Na biyu, keɓewa tana da amfani in an shige ta da niyya, an yi wa kai tambayoyin da hayaniya ke hana yi. Na uku, ma'aunin kowace halwa shi ne yadda mutum ya fito daga cikinta. Nejip Fazil da Karakoc da Ozel sun fito da imani. Uyar ya fito yana neman hannun da zai riƙe. Gulten Akin ta fito ta tsaya cikin sahun uwaye. Hanyoyinsu sun bambanta, har sun yi jayayya da juna, amma kowannensu ya dawo wa mutane da wani abu a hannu.

Ga matasanmu masu rubuta waƙa kuwa, shawarata ita ce ku faɗi gaskiyar abin da ke cikin zuciyarku da harshenku, ku kuma san abin da magabatanku suka rubuta. Turkawa dokar ƙasa ce ta raba su da rubutun kakanninsu, suka sha wahala kafin su ƙulla abin da ya tsinke. Mu babu dokar da ta hana mu karanta ajamin Nana Asma'u ko Aliyu Namangi. In muka rabu da su, sakacinmu ne.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Muna maraba da ra'ayoyinku da tambayoyinku, da kuma waƙoƙin da kuka rubuta da kanku. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Allah ya kai mu.  

(Kiɗan rufe shiri)